Wasiyya: abin da take gyarawa kafin a zauna rabon gado

Wasiyya ita ce maganar da mutum ya bari, a gaban shaidu, kan abin da za a yi bayan ransa da wani kaso na dukiyarsa, da basussukan da ke kansa, da ƙananan ƴaƴan da zai bari. Ba ta fara aiki sai ranar da ya cika, kuma muddin yana raye yana da ikon canza ta ko ya soke ta gaba ɗaya. Mutane da yawa a garuruwanmu suna gudun zancen, wasu na ganin kamar kiran mutuwa ne, wasu kuma na cewa ai Allah ya riga ya raba gado, to me ya rage? Gaskiya ne Allah ya raba gado, kuma wasiyya ba ta taɓa wannan rabo. Aikinta yana wani wuri dabam: ta bayyana abin da yake na mamaci da abin da ba nasa ba, ta tuna da waɗanda gado bai kai gare su ba, ta kuma faɗi wanda zai riƙe marayu. Ga bayani dalla-dalla, domin masu sauraronmu na karkara da ƴan uwa da ke ci-rani.

Matsayinta a shari'a

A jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kamar sauran ƙasar Hausa, mazhabar Malikiyya ake bi a sha'anin gado. Littattafan da malamanmu na zaure ke karantarwa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Halil, duk suna da babi na wasiyya da na gado. A Alƙur'ani an ambaci wasiyya a Suratul Baƙara aya ta 180, an kawo rabon magada a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma a nan ne aka maimaita cewa rabo yana zuwa bayan an fitar da wasiyya da bashi. Aya ta 106 ta Suratul Ma'ida tana magana kan shaidun wasiyya, har da na wanda ajali ya riska a kan hanyar tafiya.

Malamai sun ce hukuncinta yana canzawa gwargwadon halin mutum. Tana zama wajibi ga wanda ake bi bashi ko yake riƙe da ajiyar wani, in dai haƙƙin zai salwanta idan bai faɗa ba. Tana zama abin so ga mai wadata da ke son barin wani abu ga mabuƙata ko aikin alheri. Ba a son ta ga wanda abin hannunsa kaɗan ne kuma magadansa na cikin buƙata. Tana zama haramun idan an yi ta don a cuci magada ko don a taimaki saɓo. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke kwaɗaitar da wanda ke da abin yin wasiyya kada ya bari kwanaki su wuce ba tare da ta kasance a rubuce a wurinsa ba.

Jerin abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci

Idan mutum ya rasu, ba a fara da rabo. Da farko ana ware abin da ke da haƙƙin wani a jikinsa, kamar kayan da aka ba da jingina. Sannan a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza daidai gwargwado. Sai a biya bashi, ko da zai cinye dukiyar duka. Bayan bashi sai wasiyya, daga cikin sulusin abin da ya rage. Abin da ya saura bayan haka shi ne gado.

Iyakar sulusi ta samo asali ne daga labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya yi ciwo mai tsanani a Makka, a lokacin ƴa ɗaya gare shi. Ya nemi izinin bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Aka tsaya a sulusi, tare da nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Ƙa'ida ta biyu ita ce ba a yi wa magaji wasiyya. Wanda ya yi wa ɗansa ko matarsa wasiyya, ko ya wuce sulusi, to maganar tana hannun sauran magada: in sun yarda, suna balagai masu hankali, ta wuce a matsayin kyauta daga gare su, in sun ƙi, ta faɗi.

Mu ɗauki misali na lissafi. A ce mutum ya bar dukiyar da ta kai miliyan 3 na sefa. Jana'iza da bashi sun ci jikka 600, saura miliyan 2 da jikka 400. Sulusin wannan shi ne jikka 800, iyakar abin da zai iya yin wasiyya da shi ke nan. A ce ya yi da sulusin duka. Saura miliyan 1 da jikka 600. Ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi. Matar tana da tumuni, jikka 200. Saura miliyan 1 da jikka 400 a kasa gida 7: kowane namiji jikka 400, kowace mace jikka 200. Kun ga wasiyyar ba ta canza tsarin rabon ba, ta dai rage abin da za a raba da izinin shari'a.

Amfani na farko: bashi da ajiya

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mafi yawan cinikinmu na amana ne, da baki. Ɗan kasuwar Maraɗi yana ɗauko kaya a Kano sai ya sayar ya biya. Manomi yana cin bashin hatsi da bazara a kan zai biya da kaka. Mace tana cikin adashi, ta kwashe nata, saura zubi. Duk waɗannan, ranar da mutum ya faɗi, in ba a rubuce suke ba, sai ka ga mai gaskiya ya rasa shaida, marar gaskiya kuma ya taso da da'awar da babu mai ƙaryata ta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take.

Wasiyya mai kyau tana faɗin wa ke bin ka, nawa, na me. Da wa kake bi. Tana faɗin ajiyar da ke hannunka: kuɗin masallaci, kuɗin ƙungiya, buhunan wake na wani da ke cikin sitonka, shanun ɗan uwanka da ke cikin garkenka. Tana kuma faɗin abin da ke gidanka amma na matarka ne, kamar awakinta, keken ɗinkinta, ko gonar da ta gada daga ubanta kake nomawa. Ragowar sadakin da ba ka cika ba shi ma bashi ne, ana biyan sa kafin rabo, kuma bai shiga cikin tumuninta ba. Sau da yawa a nan ake danne mata, don kowa na ɗauka duk abin da ke cikin gida na maigida ne.

Akwai kuma bashin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, irin zakkar da aka yi sakaci da ita a shekarun baya ko kaffarar da ba a yi ba. A Malikiyya, galibi ba a tilasta wa magada fitar da irin wannan idan mamacin bai yi wasiyya da shi ba. Wanda ya san yana da irinsa, ya zauna da malami ya ji yadda zai rubuta.

Abin lura: faɗin bashi tun mutum yana da lafiya ya fi ƙarfi. Idan sai a ciwon ajali ya ce wani daga cikin magadansa na bin sa kuɗi, alƙali zai duba ko akwai zargin son kai, kuma yana iya ƙin karɓa.

Amfani na biyu: waɗanda gado bai kai gare su ba

A kusan kowane gida akwai wanda ya rayu da mamaci, ya yi masa hidima, amma ba shi da kaso. Babban misali shi ne jikokin da ubansu ya rasu kafin kakansu. Idan kakan ya bar ɗa namiji a raye, wannan ɗan yana kange su, ba su gadon komi, ko da a gidan suka tashi kuma a gandun suka yi noma. Ƴaƴan ƴa mace ma ba sa cikin masu kaso. Haka agola, da ɗan riƙo, da almajirin da ya girma a hannunka, da ƴar uwar da ƴaƴanka maza suka kange, da dangin da ba addininku ɗaya ba. Duk waɗannan sulusi na iya isa gare su.

Matsalar jikoki marayu ta sa wasu ƙasashen Musulmi suka yi doka a kai. Masar ta kafa abin da ake kira wasiyya wajiba a dokarta ta 1946, inda ake fitar wa irin waɗannan jikoki kaso daga sulusi ko kakan bai faɗa ba, Maroko ma tana da irin wannan tanadi. A fiƙihun da ake bi a garuruwanmu kuwa, abin yana wuyan kakan. In bai yi magana ba, sai abin da baffanninsu suka ga dama.

Da sulusin ne kuma mutum ke iya barin sadaka mai gudana: gina rijiya, gyaran makarantar allo, ko ware wani fili ya zama waƙafi. Shawara a nan ita ce a faɗi abin a sarari, a faɗi wanda zai tsaya a kai. "A yi mini sadaka" kawai ba ta isa ba, don kowa zai fassara ta yadda ya so.

Amfani na uku: wa zai riƙe marayu

Uba yana da ikon naɗa wasiyyi, wato wanda zai kula da dukiyar ƙananan ƴaƴansa har su mallaki hankalinsu. Sharaɗin wasiyyi ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, mai amana, wanda zai iya aikin. Ba dole sai namiji ba. Mutum na iya naɗa uwar ƴaƴan, kuma a gidaje da yawa ita ce ta fi kowa sanin buƙatarsu. In ba a naɗa kowa ba, maganar tana komawa ga alƙali, a aikace kuma sau da yawa wanda ya fi ƙarfi a dangi ne ke karɓe komi, da sunan riƙo.

Ya kamata a nemi yardar wanda za a naɗa tun da rai, a kuma sanar da manyan gida. Wasiyyi ba mai dukiya ba ne, mai tsaro ne. Zai ciyar da yaran daga kasonsu, ya riƙe lissafi, ya miƙa musu abinsu a gaban shaidu idan sun kai. A tuna kuma da abu biyu da Malikiyya ta tanada: idan matar mamaci na da ciki, ana dakatar da rabo har ta haihu, kuma tana da haƙƙin yin takabarta a gidan mijin idan mallakarsa ne ko ya riga ya biya haya. Rubuta waɗannan a wasiyya tunatarwa ce ga dangin da za su so gaggawa.

Gona, inda rikici ya fi yawa

Ƙidayar 2012 ta nuna jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace na da mutum sama da miliyan 3, wato fiye da rabin al'ummar Nijar a lokacin. Mutane na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki da yawa ke dubansa. Rikicin gado a karkara kusan duk a kan ƙasa yake: wannan gonar aro ce ko kyauta? An sayar ko jingina aka yi? Gamanar da aka yanka wa wane tun yana saurayi ta zama tasa, ko tana cikin gandu?

Mai gona ne kaɗai ya san amsar da babu gardama, shi ya sa ya kamata ya faɗe ta tun yana iya nuna iyaka da ƙafarsa. Dokar tsarin karkara ta Nijar, wadda aka kafa a watan Maris na 1993, ta tanadi kwamitocin kula da filaye: COFOB a matakin gari, wanda mai gari ke shugabanta, COFOCOM a matakin ƙaramar hukuma, da COFODEP a matakin gunduma. Suna ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya, ta sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Wasiyyar da aka haɗa da irin waɗannan takardu ta fi wuyar rushewa.

A nan ya kamata a bambanta kyauta da wasiyya. Kyauta ana yin ta da rai da lafiya, kuma a Malikiyya ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu. Wanda ya ce ya ba ƴarsa gona amma ya ci gaba da nomanta har ya mutu, gonar na iya komawa cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Shari'a kuma ta yi umarni da adalci tsakanin ƴaƴa wajen kyauta. Haka nan, kason ƴa mace a gona haƙƙinta ne kamar kasonta a kuɗi, kuma uban da ya rubuta wannan tunatarwa ya sauƙaƙa wa ƴaƴansa mata tsayawa gaban ƴan uwansu maza.

Ga ƴan uwa da ke ƙetare

Wanda ke aiki a Libiya, Aljeriya, Legas, Abijan, Kumasi ko Saudiyya, yawancin abin da ya tara yana hannun wasu. Ya aiko an saya masa fili da sunan yayansa, an saya masa tumaki suna wurin makiyayi, babur ɗinsa na haya yana hannun ƙanensa. A can kuma yana da albashin da bai karɓa ba, da kuɗi a asusun waya, da abokin ɗaki da ya ba ajiya. In ajali ya zo a baƙon wuri, matarsa da ƴaƴansa a gida ba su san ko rabin wannan ba.

Mafita ita ce a rubuta komi a takarda biyu, ɗaya a can wurin amintacce, kamar shugaban ƴan garinku ko limamin zango, ɗaya a gida. A rubuta sunan wanda fili yake hannunsa, shi ma ya sa hannu cewa riƙo yake yi. Saƙon murya na WhatsApp yana taimakawa wajen tunatarwa, amma waya na ɓata, kuma murya ita kaɗai ba ta tsayawa a madadin shaidu.

Dokar ƙasar da mutum yake zaune ita ma tana da tasiri. A jihohin arewacin Najeriya kotunan shari'a ne ke raba gadon Musulmi, don haka tsarin bai yi nisa da namu ba. A Faransa da Beljiyam da yawancin ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, tun 17 ga Agusta 2015, ƙa'ida ita ce ana bin dokar ƙasar da mamaci ya saba zama, sai fa idan ya rubuta a wasiyya cewa ya zaɓi dokar ƙasarsa ta asali. A dokar Faransa, wasiyyar da mutum ya rubuta duka da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, tana da inganci. Wanda ke da gida ko asusu a can ya nemi noter ya yi masa bayani.

Abin da hukuma ke dubawa a Nijar

Tun dokar tsarin shari'a ta 1962, da waɗanda suka biyo bayanta, kotunan Nijar suna aiki da al'adar mutane a sha'anin aure, saki, gado, kyauta da wasiyya, kuma a gado al'adar mamaci ake dubawa. Ga yawancin Hausawa wannan na nufin fiƙihun Malikiyya. Alƙali yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, sarakuna da masu gari kuma suna da hurumin sasantawa kafin magana ta kai kotu. Wanda ba shari'ar Musulunci ce al'adarsa ba, kamar ƴan uwanmu Kirista, ya fi masa kyau ya rubuta wasiyyarsa wurin noter don kada a yi gardama kan tsarin da za a bi.

Idan mamaci na da kuɗi a banki ko haƙƙi a asusun CNSS, ba a sakin su da baki. Za a nemi takardar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari, da takardar shaidar magada, da ta zaman dangi da ke nuna wanda aka wakilta. Wanda ya bar takardun aurensa da na haihuwar ƴaƴansa a wuri ɗaya, ya faɗi inda suke, ya rage wa iyalinsa zirga-zirgar watanni.

Yadda ake yin ta

A yi ta da lafiya da cikakken hankali. A rubuta da harshen da aka iya, boko ko ajami ko Larabci ko Faransanci. Wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa a karanta masa. A sa cikakken suna da kwanan wata. A jera dukiya: gonaki da iyakokinsu, gidaje, dabbobi da wurin da suke, kuɗi da inda aka ajiye. A jera bashi ta ɓangare biyu, da ajiyar mutane. A ambaci mata da ƴaƴa duka, har da na auren da aka yi a wani gari, don ɓoye wannan shi ke haifar da rigima mafi muni. Sannan a faɗi wanda aka yi wa wasiyya da abin da aka ba shi, da sunan wasiyyi.

Sai shaidu. A Malikiyya, takarda ko da rubutun hannun mamaci ce, in bai kafa mata shaida ba kuma bai ce a zartar da ita ba, ba a aiki da ita, don ana iya cewa tunani yake yi bai yanke ba. A samu maza biyu adalai waɗanda ba su da wani amfani a ciki, su ji, su sa hannu. A ajiye kwafi wurin liman ko mai gari ko noter. Duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, rasuwa, ko aka sayar da wani abu, a sake dubawa, a yaga tsohuwar, a sanar da shaidu.

Ba sai mai kuɗi ke wasiyya ba. Wanda ke da akuya biyu da bashin tiya goma na hatsi yana da abin faɗa, mace mai dukiyarta ita ma haka. Bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo rumbu kuma ƴan ci-rani ba su tafi ba, lokaci ne mai kyau na zama da malamin gari da shaidu biyu a rubuta.